Tabon Sallah da Ma'aunin Aiki: Abin da Na Koya Daga Maƙwabtanmu Kiristoci

(Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa na ƙungiyoyin farar hula a Matamaye)

Ƴan'uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan zaure, salama gare ku. Ina gaida wakilan sarakunanmu, da malamai, da fastoci, da iyayenmu mata, da ƴan fada da suka bar shayinsu kan wuta suka zo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na san akwai mai cewa a ransa: wannan tsohon mushen lakwal me ya kai shi zancen zaɓe alhali babu zaɓe? Gaskiyarsa. Tun 26 ga Yuli 2023 sojoji ke riƙe da ƙasa. A watan Afrilu 2024 an rusa majalisun kansaye, a watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyu baki ɗaya, aka tsaida riƙon ƙwarya na shekara 5. To ai shi ya sa na zaɓi yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kamfe ya buɗe, ganga ta tashi, turamen atamfa suka fara yawo, ba wanda zai saurare ni. Yau da ba wanda ke neman ƙuri'armu, za mu iya faɗa wa juna gaskiya ba tare da an ce wane ya saye ni ba.

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya, a wani zaɓen ƴan majalisa, ɗan takara ya zo ƙauyen da nake koyarwa. Mutum ne mai tabon sallah a goshi, carbi ba ya barin hannunsa. Ya sa wa masallacin ƙauyen rufin kwano, ya biya wa limaminmu kujerar Makka. Abokin karawarsa tsohon majo ne na likita, wanda kowa ya san ya sha tashi da tsakar dare saboda mai naƙuda, amma ana raɗe-raɗin ba a cika ganinsa a sahun asuba ba. Ni da ƙafata na bi gida gida ina ce wa mutane su zaɓi mai addini. Ya ci. Shekara 5 muka yi ba mu sake ganin ƙurar motarsa ba. Ajin da nake koyarwa na zana ne, da zana ya bar shi. In damina ta faɗi sai mu sallami yara. Rufin masallacin yana nan har gobe, ba na raina shi, Allah ya ba shi ladarsa. Amma da kuɗin aljihunsa ya saye mu, aikin da muka aike shi kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

A lakwal ɗin nan akwai abokin aikina, Kirista ne daga wajen Maraɗi. Irin masu riƙon nan ne: ba ya shan giya, ba ya fashin sujadar Lahadi, yana fid da zakkarsa ga ikilisiya, kuma abubuwan da muke ƙyama na lalacewar tarbiyya ya fi mu ƙyamarsu. Wata rana ina tsokanarsa na ce, "Mushe, ku wa kuke zaɓa, tun da duk ƴan takarar namu ne?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu Allah ya hutar da mu. Ba mu da namu a cikin jerin, don haka ba mai ruɗinmu da Littafi Mai Tsarki a hammata. Abu biyu nake dubawa. In ɗana da ɗan liman suka yi laifi iri ɗaya, wane ne cikin ƴan takarar zai bar shari'a ta yi aikinta? In aka taso za a ƙona mana majami'a, wane ne zai aiko jandarma tun wuta ba ta tashi ba? Sauran kuwa, gero da likita da lakwal, damuwata da taka ɗaya ce."

A lokacin na ɗauka raha ce. Sai ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ta zo. Kun tuna. Bayan zanen ɓatanci na jaridar nan ta Faransa, aka fito zanga-zanga a Damagaram, washegari a Yamai. Fushin yana da dalili, ni ma na ji shi. Amma a kan wa ya sauka? An ƙona majami'u da makarantu da gidajen mutanen da ko sunan jaridar ba su taɓa ji ba. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. A Damagaram sai barikin soja Kiristoci suka fake. Waɗannan fa ba baƙi ba ne. Mishan ta sauka Damagaram tun 1924, likitar Galmi tun 1950 take duba marasa lafiya, kuma akasarin masu kwanciya a gadajenta Musulmi ne. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ran nan na gane tambayoyin abokina ba na wasa ba ne. Mutumin da ba shi da yawa, doka ce garkuwarsa, shi ya sa yake auna ɗan takara da yadda yake riƙe doka.

Yanzu mu tsallaka Ɗan Barto mu leƙa Najeriya, inda Kiristoci ke da yawa kuma suke da nasu ƴan takara. A can ne tambayar take da zafi.

A zaɓen 12 ga Yuni 1993, Moshood Abiola Musulmi ne, mataimakinsa Babagana Kingibe shi ma Musulmi. Abokin karawarsa Bashir Tofa ya ɗauki Kirista, Sylvester Ugoh. Duk da haka ɗimbin Kiristoci Abiola suka zaɓa, kamar yadda Kanawa suka zaɓe shi suka bar ɗan garinsu Tofa. Bayan shekara 30, a zaɓen 2023, Bola Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima, Musulmi da Musulmi, sai ƙasa ta ɗau zafi. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta ce ba ta yarda ba. Manyan Kiristocin Arewa na cikin jam'iyyar APC, irin su Babachir Lawal da Yakubu Dogara, suka juya wa tikitin baya. An tuna musu cewa matar Tinubu fasto ce, suka ce wannan bai ishe su ba. Jihar Filato da Kudancin Kaduna suka karkata ga Peter Obi.

Me ya canza tsakanin 1993 da 2023? Addinin mutane bai ƙaru ba. Tsoronsu ne ya ƙaru. A tsakanin an yi rikicin shari'a na Kaduna a 2000, an yi na Jos a 2001, an yi kashe-kashen bayan zaɓen 2011, Boko Haram ta kai wa majami'u da masallatai hari, an sace ƴan matan Chibok a 2014, an kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayu 2022. Mutumin da ya ga hukuma ta kasa kare shi sau goma, a karo na goma sha ɗaya sai ya ce bari in sa nawa a sama ko zai tuna da ni. Kada mu yi masa dariya. Mu ma nan Damagaram haka muke yi, illa dai mu da yanki muke yi. Da yawanmu mun zaɓi Mahamane Ousmane a 1993 da 2021 ba tare da mun karanta ko shafi guda na manufofinsa ba. Ɗan gida ne, shi ke nan.

Amma ko a 2023 ɗin Kiristoci ba su zama tsintsiya ɗaya ba. Jihar Binuwai, wadda kusan duk Kiristoci ne, Tinubu ne ya ci ta, da ratar ƙuri'a wajen 2,000 tsakaninsa da Obi. Dalili kuwa, mai neman gwamna a APC wani fada ne na Katolika, Hyacinth Alia, da jama'a ke so, wanda bishop ɗinsa ya dakatar da shi daga hidima saboda shiga siyasa. Kun ga ikon Allah: farin jinin limamin Kirista ya taimaka wa tikitin Musulmi da Musulmi.

To, sa naka a sama ya kawo tsaro? Filato gwamnanta Kirista ne, amma a jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe mutum sama da 100 a yankin Bokkos. Binuwai fada ke mulkinta, amma a watan Yuni 2025 an yi kisan Yelwata. Mu juyo ɓangarenmu. Marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, maƙwabcinmu ne na Daura, talakawa suka kira shi Mai Gaskiya, har mu nan mun yi murnar cinsa a 2015. A watan Disamba 2020 yana cikin Daura aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, cikin jiharsa. Shi ne kuma ya rufe iyaka a watan Agusta 2019; ƴan kasuwarmu masu bin hanyar Kwangwalam sun san abin da suka sha. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba 1999, yau kuma a can ɗan bindiga ke sa wa manomi haraji kafin ya girbe gonarsa. Ba addinin waɗannan shugabanni nake tuhuma ba, ba ni da mabuɗin zuciyar kowa. Abin da nake cewa shi ne, ɗan bindiga ba ya tambayar ina gwamna ke ibada. Abin da ke tsaida shi soja ne mai albashi da kayan aiki, da alƙalin da ba a saye, da hanyar da motar agaji za ta bi.

A Amurka kuma masu riƙon addinin Kirista wata hanya suka ɗauka. Jimmy Carter mutum ne da ke koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi har tsufansa. A 1976 da yawansu sun zaɓe shi don nasu ne. A 1980 akasarinsu suka bar shi suka koma wa Ronald Reagan, tsohon ɗan fim da ya taɓa sakin aure, wanda ba a san shi da yawan zuwa majami'a ba, saboda sun ga shi ne zai biya musu buƙata kan zubar da ciki da sha'anin iyali da makarantu. A 2016 wajen 8 cikin 10 na fararen fata masu wannan aƙida suka zaɓi Donald Trump, mai aure uku, wanda halinsa ba ɓoyayye ba ne. Wasu fastocinsu suka kafa hujja da Sairus, sarkin Farisa, wanda ba mai bi ba ne amma ya saki Yahudawa daga bauta. Sun kuwa samu abin da suka nema: ya naɗa alƙalai 3 a kotun ƙoli, a watan Yuni 2022 kotun ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar. Sai dai ciniki ne mai tsada. A cikinsu akwai waɗanda har yau suke tambaya: da wane baki za mu sake yi wa ƴaƴanmu wa'azin gaskiya da kamun kai? Darasin da na ɗauka a nan shi ne, in ka rage ma'auninka ya koma buƙata guda tak, duk wanda ya yi maka alkawarinta ya mallake ka, kuma za ka wayi gari kana kare abin da jiya kake zagi.

Zambiya ta gwada ɗaya gefen. Frederick Chiluba ya hau mulki a 1991, kafin shekarar ta ƙare ya ayyana ƙasar a matsayin ƙasar Kirista, majami'u da yawa suka yi ta murna. A 2007 wata kotu a Landan ta same shi da hannu a karkatar da dala miliyan 46 na talakawan ƙasar, ko da yake kotun Zambiya ta wanke shi daga tuhumar sata a 2009. Talakan da ya yi rawa a 1991 shi ya san abin da ya gani a tukunyarsa.

Na ga wani malam yana gyara zama. Allah gafarta malam, na san tambayar: wato kana cewa addinin shugaba ba kome ba ne? A'a. Ni ma ina son shugaba mai tsoron Allah, abokina Kirista ma haka. Matsalar ita ce tsoron Allah a zuciya yake, mu kuwa ido gare mu. Abin da ido ke gani iri biyu ne. Akwai mai araha: rawani, carbi, gicciye a wuya, sahun gaba ranar idi, buhun sukari da azumi. Duk mai kuɗi yana iya sayen wannan cikin sati ɗaya. Akwai mai tsada: ya riƙe kuɗin jama'a bai ci ba, ya yi alkawari ya cika, ɗan'uwansa ya yi laifi bai hana a hukunta shi ba, wa'adinsa ya cika ya sauka. Wannan ba a sayensa a kasuwa, shekaru ake yi ana tara shi. In da gaske addini muke nema a wurin ɗan takara, a nan za mu same shi.

Kuma ba baƙon abu na kawo ba. Lokacin da aka matsa wa Musulmin farko a Makka, ina Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura su? Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda an san shi da adalci. Annabi Yusufu, wanda Musulmi da Kirista duk suka san labarinsa, amana da sanin aiki ne suka sa aka damƙa masa rumbunan Masar. A zamaninmu, Senegal mai rinjayen Musulmi ta yi shekara 20, daga 1960 zuwa 1980, ƙarƙashin Léopold Senghor, ɗan Katolika, da goyon bayan manyan shehunan Muridiyya da Tijjaniyya. Ba wanda ya ce Musuluncin Senegal ya ragu. A ƙarshe ma da kansa ya sauka.

Mu dawo gida. A Nijar duk mai neman shugabanci Musulmi ne, kuma kundin tsarin mulkin 2010 ya hana kafa jam'iyya kan addini ko ƙabila ko yanki. Don haka gasar ta koma ta wa ya fi nuna addini. Shugabanninmu da Alƙur'ani suke rantsuwa. Marigayi Tandja Mamadou, Allah ya jiƙan Baba, ya rantse sau biyu zai kiyaye kundin tsarin mulki. In za mu auna shi da adalci, sai mu sa duka a sikeli. A zamaninsa aka gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, aka fara duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, aka aza tubalin matatar mai ta SORAZ. A zamaninsa kuma aka musanta yunwar 2005 alhali muna ganin yara a cibiyoyin tamowa, sai da ƴan farar hula suka rufe garuruwa a shekarar kafin a janye harajin da aka ɗora wa kayan masarufi. A 2009 ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki saboda tazarce, abin da ya kai mu ga juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Kun ga wannan lissafin, da mai sonsa da mai ƙinsa duk za su iya zama su yi gardama a kai, don abubuwa ne da suka faru a gaban kowa. Amma in na ce wane ya fi wane tsoron Allah, da me za ka ƙaryata ni?

Mu mutanen Kance muna da dalilin da ya fi na kowa na riƙe wannan ma'auni. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu daga ƙauyukanmu suka tashi. A zauren nan akwai wanda ya yi zaman makokinsu. Ƙasar rake da rogo da lambu, amma uwa ta goya ɗanta ta nufi bara a ƙasar wani. Tun daga ranar, ƴan takara nawa suka zo nan suka yi sallar Juma'a a sahun gaba? Cikinsu nawa muka tare muka ce: ranka ya daɗe, me ka yi, da wane kuɗi, a wane ƙauye, don kada matanmu su sake hawa motar nan? Ni dai ban taɓa tambaya ba. Gaisawa na yi, na karɓi jika biyu na kuɗin goro, na yi addu'a.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba sai an jira zaɓe ba.

Kowace unguwa da kowane ƙauye a sayi kaye guda, a ba wani mai rubutu, da boko ko da ajami. Duk mai mulkin da ya zo ya yi alkawari, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, a rubuta ranar, da abin da ya faɗa, da shaidu biyu. In ya dawo a buɗe masa shafinsa cikin ladabi. Waɗanda aka naɗa su riƙe kominominmu yanzu ma harajin kasuwa da na tasha suke karɓa. Tambayar inda kuɗin ya shiga ba rashin kunya ba ne.

Malamai da fastoci, ku ne idon jama'a. In ɗan siyasa ya kawo gudummawar masallaci ko majami'a, ku sanar a fili nawa ya bayar, ku kuma faɗa a fili cewa ba a sayar masa da ƙuri'ar kowa ba. Wanda ya bayar don Allah ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, kun gane don wa ya bayar.

Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa tsayuwa a layin zaɓe, ku kuka fi kowa kwana a likita da yaro a hannu. Turmin atamfa wata shida yake yi ya koɗe, wa'adi kuwa shekara 5 ne.

Mu Musulmi masu rinjaye kuma, mu ƙara tambaya ɗaya cikin tambayoyinmu, wadda abokina ya koya mini: wannan mutumin, in aka taso wa marar yawa, zai tsaya? Kada ku ɗauka don Kiristoci kaɗai nake faɗa. Shugaban da ya iya kau da kai ana ƙona gidan maƙwabcinka saboda ba su da ƙuri'a da yawa, zai iya kau da kai ranar da aka zo ƙwace gonarka, don kai ma a gaban mai kuɗi marar yawa ne.

Abokin nan nawa ya yi ritaya, yana garinsu. Da na gaya masa a waya zan yi wannan jawabi, sai ya ce in gaida mutanen Matamaye, in kuma tambaya ko an gina ajin nan na zana. Na ce masa an gina, amma iyayen yara ne suka yi karo-karo.

Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, tsufa ne. Allah ya ba mu shugabanni masu amana, ya ba mu idon gane su.